Zuwa Da Kai Ya Fi Saƙo: Batun Zaman 'Yan Kasuwarmu A Birnin Delhi

Duk wanda ya zaga manyan kasuwannin ƙasar nan, tun daga Idumota ta Legas har zuwa Sabon Gari ta Kano da babbar kasuwar Onisha, ba ya bukatar a gaya masa irin gindin da kayan Indiya suka kafa a cikinmu. Maganin da ke jere a kantin mai sayar da magani, da babur ɗin ɗan acaɓa, da keken nan mai ƙafa uku da ya cika titunanmu, da injin casar shinkafa, da layin wayar da ke aljihun miliyoyin mutane, da yawansu in aka bi asalinsu can za a tarar da shi. Abin lura shi ne yadda hakan ta samu. 'Yan kasuwar Indiya tattaki suka yi suka zo suka zauna a cikinmu. Kamfanin Chellarams ya fara ciniki a Nijeriya tun 1923. Kamfanin Olam, wanda a yau ya zama gagarabadau a cinikin amfanin gona na duniya, a nan aka kafa shi a 1989, kuma da fitar da kashu zuwa Indiya ya fara. Lokacin da Firayim Minista Narendra Modi ya ziyarci Abuja a watan Nuwamba na 2024, gwamnatinsa ta ƙiyasta cewa Indiyawa kimanin 60,000 ne ke zaune a ƙasar nan, tare da kamfanoni fiye da 200.

A namu ɓangaren kuwa, abin da aka saba shi ne ɗan kasuwa ya yanki tikiti ya bi ta Addis Ababa ko Dubai ko Doha, ya sauka a otal na mako biyu, ya damƙa kansa a hannun dillalin da wani ya haɗa shi da shi, ya sari kaya ya komo. Bai ga masana'antar da ta ƙera kayan ba, bai san farashinsu na ainihi ba, in kuma kaya suka iso ba yadda aka yi alkawari ba, ba shi da wanda zai tsaya masa. Ra'ayinmu a nan shi ne lokaci ya yi da manyan 'yan kasuwarmu za su ajiye wakilansu na dindindin a Indiya, kuma birnin Delhi na daga wuraren da suka fi cancanta. Sai dai zaman Delhi yana da sharuɗɗa masu nauyi, wanda kuwa bai shirya cika su ba gara ya yi zamansa a gida, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Dalilin da ya sa batun ya zama na gaggawa yana cikin alƙaluman ciniki. A shekarar kuɗi ta 2021 zuwa 2022 cinikin ƙasashen biyu ya kusa dala miliyan dubu 15, amma a ta 2023 zuwa 2024 ya faɗo ƙasa da dala miliyan dubu 8. Babban sanadi shi ne raguwar ɗanyen man da Indiya ke saye daga wajenmu, bayan da ta karkata ga man Rasha mai rahusa daga 2022. Watau ciniki ne da ya rataya a kan igiya ɗaya. Alhali kuwa Indiya na sayen ƙaro da riɗi da busasshiyar citta da ɗanyen kashu daga ƙasar nan, kayan da manoman Barno da Jigawa da Binuwai da kudancin Kaduna da Kogi ke samarwa. Mai saye yana da idonsa a kasuwar Dawanau, ya san abin da buhu ke ci a wajenmu. Mai sayarwa ba shi da ido a Khari Baoli, babbar kasuwar kayan yaji ta tsohon birnin Delhi, inda ake sarin irin waɗannan kaya. Duk cinikin da ɗaya ya san farashin gida da na waje, ɗaya kuma na gida kaɗai ya sani, an san wanda zai ci riba tun kafin a fara tayi.

Amma kada a ɗauka Delhi ita ce Indiya. Cibiyar bankuna da hada-hadar kuɗi Mumbai ce. Manyan masana'antun magani sun fi yawa a Hyderabad da Ahmedabad, na yadi a Surat, Bajaj na Pune, masu fasa kashu kuma suna can kudu a wurare irin su Kollam. Delhi ba ta bakin teku. Kayan da aka loda a tashar kwantena ta Tughlakabad sai sun yi tafiyar fiye da kilomita dubu kafin su kai tashar Mundra ko ta Nhava Sheva a shigar da su jirgin ruwa, kuma dole a sa wannan kuɗi da wannan lokaci a cikin lissafi. Abin da Delhi ke da shi wanda sauran ba su da shi, shi ne ƙofar hukuma. A can ma'aikatun tarayya suke, da hukumar da ke ba da iznin shigo da kaya da fitar da su, da hukumar kula da ingancin magunguna, da hedkwatar manyan ƙungiyoyin masana'antu irin su CII da FICCI, da ofishin jakadancin Nijeriya a unguwar Chanakyapuri. A can ake baje kolin ciniki na ƙasa da ƙasa a filin Pragati Maidan kowane watan Nuwamba. Kewaye da birnin kuma akwai garuruwan masana'antu, Gurugram da Faridabad da Manesar a jihar Haryana, da Noida a jihar Uttar Pradesh, inda ake ƙera motoci da babura da kayan gyaransu da kayan lantarki da tufafi. A cikin birnin kansa kowace sana'a da kasuwarta: yadi a Chandni Chowk, kayan gyaran mota a Kashmere Gate, kwamfuta a Nehru Place, kayan lantarki da sarin magani a Bhagirath Palace, ɗinkakkun tufafi a Gandhi Nagar. Saboda haka mai harkar kayan gyara, ko injuna, ko kayan asibiti, ko kayan yaji, Delhi ta dace da shi. Mai harkar kashu zalla ya nufi kudu.

Birni ne da ya daɗe da sanin baƙi. Hasumiyar Qutb Minar an fara gina ta tun ƙarshen ƙarni na 12. Sarki Shah Jahan ya kammala Jar Ganuwa a 1648, babban masallacin Juma'a kuma a 1656. Turawan Ingila suka yanke shawarar mayar da fadar mulki can daga Kalkata a 1911, aka buɗe New Delhi a 1931. A cikin baƙin da suka taɓa zama a can akwai wanda labarinsa ya shafe mu, watau Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko wanda daga baya ya zo Mali da Takedda har ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa. Ya isa Delhi a 1334, Sarki Muhammad bin Tughluq ya naɗa shi alƙali da albashi mai tsoka. Duk da haka, saboda kyaututtukan da ya ranci kuɗi ya saya da irin rayuwar fada da ya ɗaukar wa kansa, bashi ya yi masa katutu har sai da ya roƙi sarki ya biya masa. Daga baya kuma hulɗarsa da wani shehi da sarki ke fushi da shi ta sa aka tsare shi na wasu kwanaki, yana jiran abin da zai same shi. Bashi da rashin sanin wanda ake hulɗa da shi, su ne suka kusa kayar da malamin da ya fi mu sanin duniya, kuma su ne har gobe ke kayar da baƙo a wannan birni.

Sharaɗi na farko shi ne takardu. Indiya ta bambanta iznin shiga na ciniki da na aiki da na karatu da na neman magani, kuma ba ta yarda mutum ya shiga da ɗaya ya yi abin da ɗayan ya tanada ba. Wanda ya shiga a matsayin ɗalibi ko mai jinya ya ɓuge da sarin kaya, ya karya doka ko da bai cuci kowa ba. Iznin aiki yana da ƙa'idar mafi ƙarancin albashi, wadda aka daɗe ana ƙiyasta ta da dala 25,000 a shekara. Wanda ya shiga da iznin aiki ko karatu na fiye da kwana 180, wajibi ne ya yi rajista da ofishin kula da baƙi, wanda ake kira FRRO, cikin kwana 14 da saukarsa, kuma yanzu ta intanet ake yi. Mai otal ko mai gidan da ya sauke baƙo shi ma dole ya sanar da hukuma. A 2025 Indiya ta haɗa tsofaffin dokokinta na shige da fice cikin sabuwar doka ɗaya, wadda ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi ga wanda ya wuce wa'adin zamansa. Katin rigakafin shawara shi ma wajibi ne ga duk wanda ya fito daga Nijeriya. Wannan fage ne da ba ya karɓar “Allah ya ba ka haƙuri”. Ɗan kasuwar da wa'adinsa ya ƙare ba zai iya buɗe asusu ba, ba zai iya kai ƙarar wanda ya cuce shi ba, ya zama abincin duk wani macuci da ya san sirrinsa.

Sharaɗi na biyu shi ne tsarin kamfani da haraji. Kamfanin waje na iya buɗe ofishin wakilci da amincewar hukumomin kuɗi na ƙasar, amma irin wannan ofishi ba a yarda ya yi ciniki ya samu kuɗin shiga ba, aikinsa nemo bayani da ƙulla hulɗa ne. Ga mai son ya sa ido a kan kayan da yake saye, wannan ya wadatar. Mai son ya sayar da kayansa a can kuwa sai ya yi rajistar kamfani, kuma dokar kamfanoni ta 2013 ta shardanta cewa aƙalla ɗaya daga cikin daraktocinsa ya zama mazaunin Indiya. A nan ne mutum zai yi karatun ta natsu wajen zaɓen abokin tarayya. Shekarar kuɗi tana farawa ran 1 ga Afrilu ta ƙare ran 31 ga Maris, wanda kuma ya yi kwana 182 a cikinta ana ɗaukarsa mazauni ne ta fuskar haraji. Akwai lambar haraji da ake kira PAN, wadda kusan babu wata hulɗar kuɗi mai nauyi da ke yiwuwa ba tare da ita ba, akwai kuma harajin kaya da ayyuka na bai ɗaya da aka fara a watan Yuli na 2017. Har ƙidayar kuɗi sai an koya. Ba'indiye ba ya lissafi da miliyan, da lakh yake yi, watau dubu ɗari, da crore, watau miliyan goma. Wanda bai riƙe wannan ba yana iya sa hannu a kan abin da ya ninka zatonsa sau goma. Tun bayan janye takardun rupi 500 da 1,000 a watan Nuwamba na 2016, biya ta waya ya game ko'ina har wajen mai shayi, don haka asusun banki na can ya zama kamar takalmi, ba a fita sai da shi. Kuɗin lauya da akanta na gari a shekarar farko jari ne, bai kamata a yi musu ƙwauro ba.

Sharaɗi na uku shi ne muhalli. Yarjejeniyar haya a Delhi galibi ta wata 11 ce, domin abin da ya haura shekara sai an yi masa rajista. Ana ajiye kuɗin jingina, dillali na karɓar la'adarsa, 'yan sanda kuma na tantance ɗan haya. Unguwannin kudancin birni inda jakadu da shugabannin kamfanoni ke zama suna da tsada ƙwarai. 'Yan Afirka da yawa sun fi taruwa a Uttam Nagar da Dwarka da Khirki da Chhatarpur da Greater Noida, inda haya ke da sauƙi kuma ake samun abincin gida. Shawarar da ta fi ita ce a nemi gida kusa da tashar jirgin ƙasa na cikin birni, wanda ya fara aiki a watan Disamba na 2002 kuma yanzu tsawon layukansa ya haura kilomita 350. A birnin da mazaunansa da na kewayensa suka haura miliyan 30, wanda ya dogara da mota zai kashe rabin yininsa a cunkoso.

Sai batun yanayi, wanda mutanenmu kan raina saboda suna ganin sun saba da zafi. Gaskiya ne zafin Mayu da Yuni, wanda kan haura digiri 45, ba baƙo ba ne ga ɗan Sakkwato ko Maiduguri. Damina na sauka ƙarshen Yuni zuwa Satumba, a bayanta kuma zazzaɓin dengi kan yaɗu. Abin da ba mu saba da shi ba shi ne hunturu. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu hayaƙin ƙona karan shinkafa a gonakin Punjab da Haryana kan haɗu da na motoci da masana'antu da ƙurar gine-gine, iska ta tsaya cik, birnin ya lulluɓe. Ƙurar hunturunmu daga hamada take, wannan kuwa hayaƙi ne mai cin huhu. A watan Nuwamba na 2024 abin ya yi tsanani har aka rufe makarantu, aka dakatar da gine-gine, aka hana manyan motocin kaya shiga birni in ba masu ɗauke da kayan masarufi ba. Wannan ya shafi lafiya ya kuma shafi ciniki, domin kayan da aka yi alkawarin lodawa a Nuwamba suna iya makara, hazo kuma kan jinkirta jirage a Disamba da Janairu. Mai ciwon asma, ko mai ƙananan yara, ya yi shawara da likita kafin ya kwashi iyali.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin faɗa, amma ɓoye ta zalunci ne ga mai shirin tafiya. Baƙar fata na fuskantar wariya a Delhi. Wasu masu gidaje kan ƙi ba ɗan Afirka haya, wasu su tsawwala masa. A watan Janairu na 2014 wani ministan gwamnatin Delhi ya jagoranci samame da dare a kan matan Afirka a Khirki. A watan Mayu na 2016 aka kashe wani matashi ɗan Kongo a Vasant Kunj kan taƙaddamar keken haya, abin da ya sa jakadun Afirka suka fito fili suka nuna fushinsu. A watan Maris na 2017 gungun mutane suka far wa ɗaliban Nijeriya a Greater Noida. Babu wani uzuri ga waɗannan abubuwa, kuma haƙƙin hukumomin Indiya ne su kare duk wanda suka ba iznin zama. Amma mu ma sai mun dubi namu. 'Yan tsirarun da ake kamawa da safarar ƙwaya ko damfara sun shafa wa sunan ƙasar baƙin fenti, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Haka nan ƙwayoyin tramadol da ke lalata matasanmu ba da kansu suke hawa jirgi ba, akwai mai ƙerawa a can akwai mai oda a nan, abin da ya sa Indiya ta sanya wannan magani ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi a 2018, hukumar NAFDAC kuma ta ke neman a binciki magunguna tun a can kafin a lodo su. Maganin wannan tabo shi ne yawaitar 'yan kasuwa masu rajista, masu ofis, masu biyan haraji, waɗanda Ba'indiye zai gani ya san akwai wata Nijeriya ban da wadda yake karantawa a shafin laifuffuka.

Ta fuskar addini da abinci baƙo ba zai tagayyara ba. Musulmi sun kai kusan kashi 13 daga cikin ɗari na mutanen Delhi bisa ƙidayar 2011, akwai masallatai da naman halal a tsohon birni da Nizamuddin da Jamia Nagar, akwai kuma majami'u da 'yan Afirka ke taruwa. Doka ta hana yanka saniya a Delhi, naman da ake samu na ɓauna ne da akuya da kaza, kuma wannan batu ne da ba a wasa da shi ko a raha. Rikicin addini na watan Fabrairu na 2020, wanda ya ci rayuka fiye da 50, ya isa gargaɗi cewa baƙo ya kame bakinsa daga siyasar masu gida. Ingilishi ya wadatar a ofis da banki, amma a kasuwa Hindi ke ci. Bahaushe zai tarar da kalmomin da kunnensa ya sani, saboda Larabcin da harsunan biyu suka ɗiba: duniya, hisab, faida, mushkil, kalam, da vakil, wanda a wajensu lauya ne. Finafinan Indiya da muka tashi da kallonsu sun ba mu ɗan kunne, amma ba su nuna mana yadda ɗan kasuwar Chandni Chowk ke ja-in-ja a kan rupi ɗaya ba. Tun da agogonsu ya riga namu da sa'a huɗu da rabi, wakilin da ke can zai gama rabin aikinsa kafin a buɗe shago a nan.

Mai karatu na iya cewa duk wannan ɗawainiya ta mece ce, alhali ana iya ganin kaya ta waya a biya ta banki, ga kuma tsadar dala. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, musamman ga mai ƙaramin jari wanda kwantena ɗaya ko biyu yake shigowa da su a shekara. Irin wannan bai kamata ya ɗauki nauyin ofis shi kaɗai ba. Amma hoto ba ya nuna nauyin ƙarfe, ba ya nuna abin da ke cikin ƙwayar magani, ba ya zuwa kotu in an saɓa alkawari. Asarar kwantena ɗaya ta kayan da ba su da inganci tana iya fin kuɗin ajiye wakili na shekara. Mafita ita ce haɗin gwiwa. 'Yan kasuwa goma masu harka iri ɗaya suna iya ɗaukar nauyin wakili ɗaya mai ilmi da amana, kuma ba sai an je da nisa nemansa ba, domin akwai matasanmu da suka yi karatu a jami'o'in Indiya suka san harshe da hanya.

Don haka muna kira ga ƙungiyar NACCIMA da cibiyoyin ciniki na jihohi su duba yiwuwar buɗe ofishin haɗin gwiwa a Delhi, wanda zai riƙa tantance masana'antu, ya aiko da farashin ƙaro da riɗi da citta kowane mako, ya kuma haɗa membobinsa da lauyoyi amintattu. Hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta tabbatar cewa rumfar Nijeriya a baje kolin Nuwamba ta cika da masu kaya na gaske. Ofishin jakadancinmu ya ƙarfafa sashensa na ciniki, ya kuma gaggauta sabunta fasfo, domin jinkirin takarda ɗaya kan mayar da mutumin kirki mai laifi. Gwamnati kuma ta nemi a sauƙaƙa wa 'yan kasuwarmu iznin shiga gwargwadon yadda aka sauƙaƙa wa nasu a nan. Indiya ta buɗe ofishinta a Legas tun 1958, shekara biyu kafin mu samu mulkin kai, ta taimaka wajen kafa makarantar horon hafsoshi ta Kaduna a 1964, kuma a New Delhi ne aka ba Tarayyar Afirka kujera a ƙungiyar G20 a 2023. Zumunci mai wannan tsawo ya ba mu bakin da za mu nemi hakan. Abin da ya rage shi ne 'yan kasuwa su zauna su yi lissafi, su zaɓi wanda za su tura, su cika masa takardunsa kafin ya taka jirgi.